Maɓallin da mudir ya ce ba ruwana da shi

An buga mini bizar fita ta ƙarshe, na miƙa akwatin kayan aiki, yanzu bakina ya buɗe. Da ku nake, masu gyaran lantarkin jirgi da na bari a hanga, rumfar da ake gyaran jirage, musamman ƙannenmu na Makka da Jidda da suka shigo aikin a bayana.

Kun san zaman matuƙin jirgi mai saukar ungulu: hannun dama a kan sandar juya jirgi, na hagu a kan ta ɗaga shi, ƙafafu a kan feda. Babu gaɓar da ke hutawa. Rediyo kuwa tana ƙasa, tsakanin kujeru biyu, in zai sauya tasha sai ya saki sanda ya sunkuya. Da rana, can sama, da sauƙi. Da dare fa, yana tafiya ƙasa-ƙasa, sanye da tabarau mai gani cikin duhu wanda faɗin ganinsa digiri 40 ne kacal, ga ƙura ta turnuƙe wajen sauka? Wannan ɗan sunkuyon ya isa a yi zaman makoki.

Matuƙa sun yi ta kawo ƙara cewa rediyo ta ɗauke, mu gwada mu tarar lafiyarta ƙalau. Sai na hau kujerar, na sa safar hannu irin tasu, na rufe ido na laluba. Maɓallin ƙarar murya da na zaɓen rediyo girmansu ɗaya, kuma suna dab da juna. Na rubuta rahoto: a bambanta siffarsu, a jera tashoshi yadda tafiya za ta buƙace su, tashar gaggawa ta megahaz 243.0 ta samu da taɓawa ɗaya, a kuma nemi masu ƙera jirgin su kai zaɓen tasha kan sanda, ƙarƙashin babban yatsa. Ba ni na ƙago ba. Tun 1943 Alphonse Chapanis, wani masani a sojan saman Amurka, ya gano dalilin da matuƙan jirgin yaƙi B-17 ke naɗe taya bayan sun sauka: makunnin taya da na filafin fiffike iri ɗaya ne. Ya liƙa wa na tayar 'yar tayar roba, matsalar ta kau.

Mudir, wato shugabanmu a wajen aiki, ko shafi na biyu bai buɗe ba. A gaban yara ya ce aikina waya da dalma, matuƙin da bai san maɓallinsa ba ya koma makaranta. Na tuna masa 14 ga Afrilun 1994, ranar da jiragen yaƙi F-15 biyu na Amurka suka harbo jirage masu saukar ungulu Black Hawk biyu nasu a arewacin Iraƙi, mutum 26 suka mutu, bincike kuma ya nuna ba a tasha ɗaya ɓangarorin suke ba. Ya tambaye ni wa ke riƙe da igamata, takardar izinin zamana a Saudiyya. Na yi shiru, ina da iyali.

Da injiniyoyin masu ƙera jirgin suka zo, sai ga rahotona a kan tebur da sunan mudir a sama, ko waƙafi bai sauya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. An dai gyara jerin tashoshin, ƙarar da ake kawowa ta ragu, ni na san hannun da ya yi.

Ku riƙa ajiye kwafin duk abin da kuka rubuta, da kwanan wata. Ku sha shayi da matuƙa, a nan suke faɗin abin da ba sa rubutawa. Kar ku gwada maɓalli da hannu tsirara.

Akwai jirgi ɗaya da makunnin maganarsa ke maƙalewa in rana ta take, ya toshe wa kowa tasha. Na rubuta a littafi, har na tafi ba a sauya shi ba. Ku bi ba'asi.