Laraba: gonar Anatot

Ruwa tun asuba, masara ta sha. Mawaƙa sun gama koyon waƙar Lahadi da wuri, mun gode Allah.

Nazarin yamma ne ya tsaya mini a rai. Shugaban matasa ya karanta Irmiya 29:11, ya ce tunda nufin Allah na alheri ne, wahala ba ta daɗewa. Baba Dattijo ya ce, "Ɗana, koma aya ta 10." Ya koma. Shekara 70 za su yi a Babila kafin a komo da su. Ya ɗago kai ya ce, "To Baba, ina sa zuciyar?" Baba ya ce a buɗe sura 32.

Baba ya yi gaskiya. Sura 29 wasiƙa ce, an rubuta ta ne ga Yahudawan da Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwasa zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. An ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin addu'a. Yawancin waɗanda suka ji ta a can za a binne su. Wanda ya ce shekara 2 kawai, Hananiya ne, annabin ƙarya, shi ya karya karkiyar itace daga wuyan Irmiya, kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Duk wanda ya ɗauki aya ta 11 ya bar ta 10, wa'azin Hananiya yake yi bai sani ba.

Sura 32 kuwa, ku duba yadda aka yi cinikin. Shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, sarkin Yahuza, Kaldiyawa, wato mutanen Babila, sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare a gidan waƙafi na fada. Hanamel, ɗan baffansa, ya zo da tallan gona a Anatot, garin su Irmiya. Irmiya ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu. Takarda biyu, ɗaya a rufe da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa Baruk, magatakardansa, a gaban jama'a, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Me ya sa za su daɗe? Domin hukuncin ba zai fasa ba. A surar nan bai ce birnin zai tsira ba ko sau ɗaya, ya dai ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Shekara ta 11 ta sarautar Zadakiya garun Urushalima ya fashe. A Ribla aka yanka 'ya'yan Zadakiya a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Aka ƙone Haikali. Makoki 4:10 ta ce mata masu tausayi sun dafa 'ya'yansu saboda yunwa. Wannan ayar ta hana ni cin tuwon dare.

Fasto ya ba ni Makoki 3 mako mai zuwa. Daga aya ta 1 za mu fara, kowa zai karanta aya 3, har mu kai ta 22 tare.