Asabar: Tambaya da Amsa

Yau ba makaranta, na wuni gida ina wanki. Da la'asar maƙwabciyata, mutuniyar Kafanchan, ta shigo aron turmi da 'yarta riƙe da ɗan ƙaramin littafi. Yarinyar sai ƙunƙuni take: "Wa ya halicce ka? Allah ne ya halicce ni." Na ce, "Maƙwabciya, yau hadda ake?" Ta ce katekizim ne, gobe katekis, wato malamin da ke koyar da shi, zai yi musu tambayoyi a coci.

Kalmar katekizim daga Girkanci take, ma'anarta koyarwa baki da baki, malami ya faɗa ɗalibi ya maimaita. Kiristoci sun daɗe da ita. Martin Luther, wani babban malamin Kirista, ya rubuta ƙaramin katekizim ɗinsa a Jamus a 1529 domin magidanta su koyar da iyalansu. Ƙaramin katekizim na Westminster a Ingila tambayoyi 107 ne. Babban littafin Katolika na 1992 bayani ne zube, sai a 2005 aka taƙaita shi zuwa tambayoyi 598.

Da suka fita na kira autana: "Waye Ubangijinka? Mene ne addininka? Waye Annabinka?" Ya amsa tsaf da karin Islamiyya, har da jan wasali. Sai na juya tambayar: "To wa yake saukar da ruwan sama?" Ya tsaya yana kallona, ya ce malam bai kawo su nan ba.

Abin da ke damuna ke nan. Tsarin yana da kyau, abin da yaro ya haddace da kari ba ya fita kansa har tsufa. Amma idan amsar ta manne da lafazi guda, ana sauya shi yaro ya ɓace. Mu da muke da hadisin Mala'ika Jibrilu, na 2 cikin Arba'una ta Imam Nawawi! Ya tambayi Annabi (SAW) Musulunci, imani da ihsani, ana ba shi amsa yana cewa "ka yi gaskiya", har sahabbai suka yi mamakin mai tambaya yana gaskatawa. Don mutanen da ke zaune su fahimta aka yi tambayar.

Bayan magariba na zaunar da yaron muka bi kalmar shahada, ina tambaya ta nan ta can. Ya gaji, ya ce, "Umma, ke ba haka malam yake yi ba." Tuwon dare ma ya makara, babansu ya dawo ya tarar ban kaɗa miya ba.