Godiya bayan walimar ɗiyata

Assalamu alaikum jama'armu na Bronx da Harlem a birnin Niyok, da 'yan uwa na gida Maraɗi. Sai yau na samu na zauna. Ƙafafuna a kumbure suke tun daren Asabar, murya ta dishe, waya cike da saƙonnin da ban buɗe ba. Wanda ya kira bai same ni ba ya yi mini afuwa. Alhamdulillahi, yarinya ta karɓi digirinta a kwalejin Lehman, an yi walima, an watse lafiya.

Ba sai na maimaita muku labarin ba, tare muka yi shi. Kun san tana 'yar shekara shida na shigo da ita Amurka a 2009, biza ta ƙare muka zauna. Firamare da sakandare ba wanda ya tambaye mu takarda, domin tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta hana a kori yaro daga makarantar gwamnati saboda rashin takardun zama. Sai da aka zo maganar jami'a ƙofofi suka fara rufewa. Tallafin gwamnatin tarayya babu rabonta a ciki. DACA kuma, shirin da ke kare waɗanda aka shigo da su suna yara daga kora ya kuma ba su izinin aiki, ta wuce mu, tunda sharaɗinta sai wanda yake ƙasar tun Yunin 2007. Shekara biyu kacal suka raba ta da ƙawayenta.

Akwai ranar da ba ta fita daga raina. Malamar da ke ba ɗalibai shawara a sakandarensu ta kira mu ofishinta, ta ajiye takarda a gabanmu. Takardar rantsuwa ce, yarinya za ta sa hannu cewa za ta nemi izinin zama da zarar hanya ta buɗe mata. Da ita ne za a karɓi kuɗin makaranta irin na 'yan jiha, dala 6,930 a shekara, maimakon na baƙi da ya kusa ninka shi uku. Ni da na shafe shekaru ina koya mata kada ta faɗa wa kowa halin da muke ciki, ko ƙawarta ta kusa, sai ga shi ana cewa ta rubuta da hannunta, da sunanta da adireshin gidanmu. Na riƙe mata wuyan hannu a ƙarƙashin tebur, na ce mata da Hausa tashi mu tafi. Matar nan ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta tashi ta tura ƙofa, ta jawo kujerarta ta dawo gefenmu, ta ce takardar a makaranta za ta zauna, kuma akwai dokar da ke kare bayanan ɗalibai. Ba ta yi mana alkawarin abin da ba ta da iko a kansa ba, shi ya sa na yarda da ita. Lokacin tashinta ya wuce, mai shara ya leƙo ya koma, ita ko agogo ba ta duba ba har sai da hannuna ya daina rawa. Ita ce kuma ta cika mana takardun TAP, tallafin jihar Niyok da aka buɗe wa yara irin tawa a 2019 da dokar da ke ɗauke da sunan Sanata José Peralta. Mutumin ya yi shekaru yana fafutukarta, ya rasu a 2018 bai ga an sa mata hannu ba. Ban taɓa ganinsa ba, amma gidana ya ci moriyar wahalarsa. Malamar ta zo walima, ta ci fura da cokali, muka yi ta dariya.

TAP ya ɗauke nauyin kuɗin karatu, amma bai sayen littafi, bai sayen kwamfuta, bai biyan jirgin ƙasa, yarinya kuma ba ta da izinin aiki. Nan ne kuka shigo. Na san al'ada ba ta son a faɗi mai alheri a bainar jama'a, kuma an roƙe ni in yi shiru, to ku yi haƙuri, yau ba zan iya ba. Uwar adashinmu, wadda duk farkon zangon karatu take juya layi ta ba ni kwasa ba tare da ta nemi bayani ba, da matan da suka bar mini nasu zagayen babu ko tsaki. Hajiya mai tuwo ta kusa da masallaci, wadda ta miƙo kwamfuta a cikin ledar shinkafa ta ce wai jikanta ne ya daina amfani da ita, alhali ko takardar farashi ba a ɓamɓare ba. Direbobin tasi da suka riƙa zagaya hula bayan Juma'a. Abokan kitsona na titi na 125, da suka riƙe mini kwastomomi duk ranar da na tafi ganin lauyoyin CUNY, jami'ar birnin Niyok, masu duba shari'ar shige da fice kyauta. Malam Liman, da ya hau mumbari ya ce karatun 'ya mace ba ya jiran takarda.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya sa ku ga irin wannan rana a kan naku. Wanda ke jiran takarda Allah Ya kawo masa cikin sauƙi, wanda ya daɗe bai ga mahaifiyarsa ba Allah Ya haɗa fuskokinsu tun suna raye. Allah Ya jiƙan iyayenmu da aka binne ba mu samu zuwa ba. Amin ya Rabbi.

Akwai waɗanda na sa ran gani ban gani ba, ciki har da na jini, waɗanda tafiyarsu ba ta fi ta 'yan awoyi a mota ba. Su ne da can suka ce in nema mata miji mai takarda in huta. Ba komai, wataƙila uzuri ne, sai dai zumunci a ƙafa yake. An ajiye musu nasu cincin.

Har yanzu ba ta da takarda, kada wani ya ɗauka an gama, lauya na kan aikinsa, ku ci gaba da sa ta a addu'a. Ita kuma ta ce in sanar: duk uwar da ɗanta ke ajin ƙarshe na sakandare kuma yake cikin irin halinmu, a turo shi gida ranar Lahadi su zauna su cika takardun tare, kada a bari sai ya gama. Masu kuloli da manyan tukwane kuma, duk an wanke suna nan, sai dai murfi biyu sun rikice mini, kowa ya zo ya duba nasa.