Abin da na gani a gonakin Samaru

Jiya na raka kawuna Samaru neman irin wake. Wani ma'aikacin gona ya ɓare mana kwanson wake biyu a tafin hannunsa. Ɗaya tsutsa ta huda shi, cikinsa duk ya yi baƙi, ɗayan kuwa ƙwayoyi sun jeru tas, ba tabo. Na biyun shi ne SAMPEA 20-T, irin wake mai jure wa tsutsar, wanda aka fitar a 2019 bayan shekaru ana gwaji a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kawu ya daɗe yana juya shi, don shi ya san kuɗin da maganin feshi ke cinye masa duk damina.

Wallahi abin ya taɓa min zuciya. Mu 'yan Zariya kullum muna wucewa ta gaban wurin nan a mota, kaɗan ne cikinmu suka san tun 1922 ake gwajin iri a Samaru, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar kanta a 1962. Da cutar kuturtar gyaɗa ta kassara manoman Arewa a 1975, masanan cibiyar na cikin waɗanda suka duƙufa neman iri mai jure mata. Ga kuma aikinsu kan masara, da dawa, da auduga. Can Shika ma, kusa da Zariya, aka samar da kazar nan mai yawan ƙwai, Shika Brown.

Ina roƙon malaman makarantunmu su riƙa kai yara gonakin nan lokacin kaka. Waɗanda suka rasu cikin masu wannan aiki, Allah Ya jiƙansu.