Daga Mai Wurno zuwa Rusairis: abin da na gani a bakin Nilu

Har yanzu baƙar lakar Jazira, yankin noman ban-ruwa na ƙasar Sudan, tana manne a takalmina. Hanyar Bur Sudan zuwa Gadarif ba abin faɗa sai zafi da shingayen bincike. Ciniki kuwa ta waya ake yi, mai shayi ma Bankak, manhajar banki ta waya, take tambaya, baƙon da ba shi da asusu sai ya bi ta hannun mai canji, shi kuma ya yanki nasa ba kunya.

A Mai Wurno na sauka, kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai masaukina, Baba Alhaji, dattijo ne da ya tsufa yana buɗe ƙofofin ruwa a gonakin Jazira. Da na ciro kuɗin kwana sai ya ɓata rai: "Ɗana, Bakano zai biya ni a gidan kakanninsa?" Aka kawo kisra da agashe. Agashen nan tsirenmu ne da ƙuli-ƙulinsa, sai dai yajinsa bai kai na Kano ba, kuɗinsa kuma ya fi.

Turawa sun gama madatsar Sinnar a 1925, tsawonta ya ɗan haura kilomita 3. Na ɗaga waya ke nan wani mai kaki ya fizge ta, ko sallama babu, ya goge hotunan har da na abinci. Baba Alhaji ya ce in yi shiru, ya ɗauki tsinke ya zana mini tsarin a ƙasa.

Ruwa yana fita daga madatsar zuwa babbar kwata, ya rabu zuwa matsakaita, ya shiga ƙanana da suke kira tur'a. Daga tur'a sai Abu Ishirin, wadda take shayar da fili ɗaya mai fadan 90, ana ce masa nimra. Daga nan Abu Sitta take kai shi gonar mutum, wato hawasha. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, kuma a ƙa'ida kowace gona tana shan ruwa duk kwana 14. Ba famfo ko ɗaya, gangaren ƙasa ne yake aikin. An gina tur'a ta tara ruwa da dare a sake shi da rana, kuma nan matsalar take: ruwan da ya kwana a tsaye yana sauke lakarsa. Kwata ta cike, ciyawa ta kama, manomin bakin kwata ya ƙoshi, na wutsiya ya yi hayar injin ban-ruwa. Sai na tuna Tiga da Kadawa, da kachallar da ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, mutanen Gashuwa suna jiran saura.

Yarjejeniyar 1959 ta ɗauki ruwan Nilu a kan kubik mita biliyan 84 a shekara. Masar ta sami 55.5, Sudan 18.5, aka bar 10 don abin da rana za ta shanye a tafkin Aswan. Habasha, inda Nilul Azraƙ (Blue Nile), reshen Nilu da madatsar Sinnar take kansa, yake fitowa da fiye da rabin ruwan, ba ta cikin zaman. A ganina babban gibin takardar shi ne da shekara take lissafi, manomi kuwa da mako yake yi. Yawancin ruwan kogin nan yana wucewa ne daga Yuli zuwa Oktoba, in ba ka da inda za ka tara shi, rabonka ya bi kogi zuwa arewa.

Shi ya sa na matsa sai na ga madatsar Rusairis, kusa da Damazin. An gama ta a 1966, aka ƙara mata tsayin mita 10 a 2013. Yadda aka saba tafiyar da ita, a tsakiyar damina ana sauke tafkin a buɗe ƙofofin ƙasa don laka ta wuce, sai wajen Satumba a fara tarawa. Amma tafki in ya sauka ƙarfin da yake juya injinan lantarki ya ragu, ga itatuwa da tarkace suna toshe bakin bututu. Wato mai masana'anta yana son tafki a cike, mai kula da madatsa yana son sa a ƙasa, manomi yana son a ajiye masa na rani.

Yanzu ga madatsar Nahda ta Habasha a sama, wadda aka fara a 2011 aka buɗe a Satumban 2025, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74, ta ninka Rusairis kusan sau goma. Tana tare laka, tana daidaita kogin rani da damina, abin da zai yi wa kwatoci da lantarki daɗi. Masu yin jan bulo da masu noman gaɓar kogi kuwa da lakar suke ci. Abin da wani injiniya ya nanata mini shi ne a riƙa sanar da su kullum nawa za a saki da kuma yaushe, domin ƙaramin tafki ba ya jure ruwan ba-zata.

Na dawo ta Rabak a kan Nilul Abyad (White Nile), ɗaya reshen Nilu. Kamfanin sukari na Kinana da famfo yake ɗaga ruwansa, ɓawon rake kuma shi yake ƙonawa ya sami wuta. Madatsar Marawi mai megawat 1,250 ban kai ba, guzuri ya ƙare. Baba Alhaji ya cusa mini ƙullin garin kofi da citta a jaka, ya ce in gaida mutanen Kura.