Ranar da na kusa tuge kafe maron da hannuna

Sati biyu na yi ina aikin sa kai a dajin Grande Montagne da ke tsibirin Rodrigues, kimanin kilomita 560 gabas da Morishus. Aikinmu shi ne cire baƙin tsirrai da suka danne 'yan asalin dajin. A kwana na uku na durƙusa gaban wani ɗan tsiro da bai wuce gwiwata ba, ganyensa dogaye, sirara, masu duhu, da jan layi a tsakiya. Har na kama gindinsa zan fizge, sai wata dattijuwa da muke aiki tare ta riƙe mini hannu.

"Ɗana, sake shi. Kafe maron ne."

Jikina ya yi sanyi. Na san kafe maron, Ramosmania rodriguesi, ɗan uwan itacen kofi, amma babbansa na sani a hoto: gajerun ganye kore shar masu sheƙi, da farin fure mai kunnuwa biyar kamar tauraro. Ashe ƙaramin ba ya kama da babban ko kaɗan. Sai ya yi tsawo ya wuce kimanin mita ɗaya sannan ganyen ke sauya kama. Masana na danganta wannan da manyan kunkurayen da suka taɓa cika tsibirin, wai launin yana sa su ƙyale ganyen da bakinsu ke iya kaiwa. Kunkurayen sun ƙare tun wajen 1800, shi kuwa itacen har yau yana ɓoye musu, abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Saran daji da kiwon awaki ne suka cinye mazauninsa, har aka ɗauka ya ƙare. Wajen 1980 wani ɗan makaranta ya gano guda ɗaya tak a bakin hanya, bayan malaminsu ya nuna musu tsohon zanensa. Da labari ya bazu, mutane suka dinga yankar rassansa don magani, sai da aka kewaye shi da shinge kan shinge. A 1986 aka kai rassansa lambun Kew a Landan. Ya kama, ya yi ta fure shekara da shekaru babu iri, sai a 2003 wani mai renon tsirrai a lambun, Carlos Magdalena, ya samu ya sa shi ya yi ɗa. Daga irin nan aka samu tsirrai mata da maza, aka mayar da su gida Rodrigues.

Tun daga ranar na daina dogara da hoton babban itace. Duk safiya sai na biya ta wurin renon tsirrai na ƙare wa ƙananan kallo, kuma duk abin da ban gane ba sai na kira wani kafin na taɓa. Aikina ya ragu da kusan rabi, ban damu ba. Ranar da zan tafi na koma wurin ɗan tsiron, na share busasshen ganyen da ya rufe shi, na kafa sanda a gefensa.