Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Ɗauki Hoton Ƙwaƙwalwata

A makon jiya na tsaya a inda likitar jijiyoyi ta tambaye ni ko zan shiga binciken da suke yi a kan masu cutar Parkinson, wadda mu a gida muke ce wa makyarkyata. Ban amsa mata nan take ba, na ce sai na koma gida Jekadafari na shawarci maigidana Malam.

Malam bai hana ba, ƙanwarsa ce ta kafe. Ta tuno mana gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, wanda aka yi shekara da shekaru ana shari'a a kansa. "Yaya, kada ka bari a mayar da ita abin gwaji," in ji ta. Ban ga laifinta ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Shi ya sa da zan koma asibiti na tafi da babban ɗana, aka karanta mana takardar amincewa da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Ba allura, ba sabon magani, hoto ne kawai da gwajin tafiya da na motsa yatsu. Lamba za a sa a madadin sunana, kuma duk ranar da na ce na fasa, na fasa, ba abin da zai shafi ganin likitana.

Abin da ya sa na yarda da likitar nan shi ne ba ta yi mini daɗin baki ba. Cewa ta yi, "Hajiya, wannan ba zai rage miki karkarwa ba. Wataƙila jikokinki ne za su ci amfaninsa." Ta ce tun 1817 da wani likita a Landan, James Parkinson, ya fara bayyana cutar, kusan duk abin da aka sani a kanta daga jikin Turawa aka samo shi. Sai a 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ake kira GBA1, wanda ke ƙara haɗarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma da wuya a same shi a Turawa. Na ce a raina, in an ga bambanci a jini, ai ƙwaƙwalwar ma ta cancanci a leƙa.

Ga abin da suke nema, yadda na fahimta. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan baƙin gurbi da ƙwayoyinsa ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. Ƙwayoyin nan ne ke mutuwa a hankali, sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, hannu ya kama rawa. Maganin lebodofa da nake sha cike giɓin sinadarin yake yi, ba ya hana mutuwar. Abin mamakin, hoton mai cutar yakan fito lafiya lau a idon likita. Da kallon tafiyarka da taɓa hannunka ake gane ta. Masu binciken kuwa awo suke yi na abubuwan da ido ba ya kamawa, kamar yawan ƙarfen da ke taruwa a gurbin, su kwatanta da na masu lafiya.

An ce kada in sha maganina na safe sai an gama. Wannan ne ya fi komai wuya. Shiga Keke Napep kaɗai sai da aka ɗaga mini ƙafa.

A bakin ɗakin injin, wata ma'aikaciya ta raba ni da 'yan kunne, zobe, awarwaro, har da fil ɗin hijabi. Ta sa na wanke kwalli tas, don wani kwallin akwai ƙarfe a ciki. Injin MRI babban maganaɗisu ne, ba ya amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma duk ƙarfen da ya kusance shi fizgo shi yake. Da na yi dariya sai ta hango haƙorin Makka. Aka tsaya, aka kira wani, ya duba, ya yi tambayoyi, sannan ya ce ba komai. Da sun ce a cire, wallahi da binciken ya ƙare a nan.

Na kwanta, aka toshe mini kunne, aka tokare kaina da soso hagu da dama, aka kifa wani keji a fuskata, aka ba ni ƙwallon roba in matsa idan na ji ba zan iya ba. Gadon ya zame da ni ciki. Sai ƙara: gau-gau-gau, ta tsaya, ta dawo da wata murya daban. Wanda bai san cutar nan ba ba zai gane wahalar "kada ki motsa" ba. Karkarwarmu ta hutu ce. In hannu yana aiki takan lafa, in ya zauna kawai sai ta tashi, fargaba kuma ƙara mata wuta take yi. Hannun damana yana ta bugun cinyata, ni kuwa duk ƙarfina na tattara shi a wuya don kada girgizar ta kai ga kai. Na riƙe Hasbunallahu a zuci, don ko leɓe an ce kada ya motsa. Wani sashen bai fito ba, muryar ma'aikaciyar ta shigo ta lasifika, "Sannu Mama, saura kaɗan, za mu maimaita wannan."

Da aka fito da ni na haɗiye maganina, na zauna a benci har jiki ya sake. Daga baya likita ta ce ba a ga ƙari ko alamar shanyewar jiki ba, sauran kuwa sai an tara na mutane da yawa.

Ta ƙara da cewa suna neman masu lafiya sa'o'inmu. Malam ya ce a rubuta shi. Da aka zo tambayoyi sai ya ambaci shekarun da ya yi yana walda kafin ya koma kasuwa, aka ce sai an fara tabbatar babu ɓurɓushin ƙarfe a idonsa. Ransa ya ɓaci, bai ce uffan ba har muka iso gida. Yadda ta kaya tsakaninsa da su, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.